Katun da Yara Ƙanana: Yaushe Kallo Ke Zama Karatu?

"Ai a katun ya koya." Wannan magana ta zama ruwan dare a bakin iyaye, musamman idan yaro ɗan shekara uku ya miƙe a gaban baƙi ya rero haruffan Turanci daga farko har ƙarshe, ko ya ƙirga ɗaya zuwa goma alhali bai taɓa taka ƙofar makaranta ba. Uwa ta ji daɗi, baƙi su sa albarka. A ɗaya gefen kuma akwai iyayen da suka riga suka yanke hukunci cewa babu abin da katun ke tsinana wa yaro sai ɓata tarbiyya da kashe ido. Kowane ɓangare yana da abin da ya gani da idonsa. Sai dai fiye da shekara 50 ke nan masana suna bin diddigin abin da yaro ke ɗauka daga allon talabijin, kuma abin da suka gano bai tsaya kan "e" ko "a'a" ba. Ya danganta da shekarun yaron, da yadda aka gina shirin, da harshen da ake magana da shi a ciki, da kuma wanda ke zaune kusa da yaron lokacin da yake kallo. Wannan na ƙarshe shi muka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a ganina shi ne ƙashin bayan maganar.

Mu fara da jariri, domin a nan ne aka fi samun ruɗani.

A 2003 wata masaniya mai suna Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta yi wani gwaji da jarirai 'yan wata tara waɗanda iyayensu ke magana da Turanci. An yi musu zama 12 ana jiyar da su Sinanci. Wasu an haɗa su da mutum a zahiri, yana zaune a gabansu yana karanta musu littafi yana nuna musu kayan wasa. Wasu kuma an nuna musu irin wannan darasi a bidiyo, wasu an kunna musu murya kawai. Da aka zo gwaji, jariran da suka zauna da mutum sun iya bambance wasu sautukan Sinanci waɗanda babu su a Turanci. Waɗanda suka kalli bidiyo kuwa, duk da sun zuba wa allon ido, ba su fi jariran da ba su taɓa jin Sinanci ba. Magana ɗaya ce, darasi ɗaya ne, amma kunnen jariri ya karɓi na mutum ya bar na na'ura.

Bayan shekara bakwai, a 2010, Judy DeLoache ta Jami'ar Virginia da abokan aikinta suka gwada wani faifan bidiyo da ake sayarwa da sunan yana koya wa jarirai kalmomi. Yara 'yan wata 12 zuwa 18 suka shafe wata guda suna kallonsa a gida. Ba su fi waɗanda ba su kalla ba sanin kalmomin. Waɗanda suka fi kowa koyo su ne yaran da aka bai wa iyayensu jerin kalmomin aka ce su koya musu yadda suka ga dama, ba tare da bidiyo ba. Akwai wani abu a cikin binciken da ya kamata ya tsaya mana a rai: iyayen da suka fi son faifan su ne suka fi zaton 'ya'yansu sun koyi abubuwa da yawa daga gare shi. Yaro a wannan shekarun da ma kullum sabuwar kalma yake tsinta daga bakin mutanen gida, sai a ɗauki ladan a bai wa talabijin. Shekara guda kafin wannan, a 2009, kamfanin Disney ya amince ya mayar wa iyaye kuɗin da suka sayi faifan Baby Einstein, bayan matsin lamba daga masu cewa ba shi da hujjar da za ta nuna yana ƙara wa jarirai basira.

Me ya sa haka? Wani gwaji na 1998 da Georgene Troseth ta yi tare da DeLoache ya fito da dalilin fili. Aka sa yara 'yan shekara biyu su kalli ana ɓoye abin wasa a ɗakin da ke kusa, sannan a ce su shiga su ɗauko. Idan ta taga suka kalla, kai tsaye suke nufar wurin. Idan kuwa a allon talabijin suka kalli wannan ɓoyon, a wannan ɗakin, sai yawancinsu su rasa inda za su nufa. 'Yan shekara biyu da rabi kuma ba su sha wannan wahalar ba. Wato ƙaramin yaro bai riga ya gane cewa abin da ke cikin allo yana ba shi labarin duniyar da yake takawa ba ne. A wurinsa hoto ne mai launi da motsi, ba shi da haɗi da ɗakin da yake ciki.

A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ware abu ɗaya ga jarirai, wato kiran bidiyo. Akwai binciken da aka wallafa a 2014 wanda ya nuna yara 'yan wata 24 zuwa 30 suna koyon sabbin kalmomi ta kiran bidiyo kamar yadda suke koya ido da ido, amma ba sa koya daga bidiyon da aka riga aka naɗa. Bambancin shi ne mai kiran yana kiran sunan yaron, yana jiran amsarsa, yana dariya idan ya yi dariya. Saboda haka mahaifin da ke ci-rani a Legas ko Saudiyya, idan ya kira gida ta WhatsApp ya yi hira da ɗansa, ba a jera shi layi ɗaya da katun ba.

Daga wajen shekara uku labari ya canza, kuma a nan ne damar take.

A 1969 aka fara nuna shirin Sesame Street a Amurka. Waɗanda suka kafa shi, Joan Ganz Cooney da Lloyd Morrisett, sun lura yara suna haddace waƙoƙin talla a talabijin ba tare da kowa ya koya musu ba, sai suka tambayi kansu ko za a iya amfani da wannan hanya a koya wa 'ya'yan talakawa haruffa da lissafi kafin su shiga firamare. Shirin ya haɗa 'yar tsana da mutane da gajerun zane masu motsi. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne aikin da ake yi kafin a nuna. Akwai manhaja a rubuce, akwai masana tarbiyyar yara a cikin masu shiryawa. Sukan zaunar da yara a gaban talabijin, su ajiye wata na'ura a gefe tana canza hotuna bayan 'yan daƙiƙoƙi, su riƙa lura da daidai wurin da yaro ya ɗauke kai daga shirin ya koma kallon hotunan. Duk wurin da yara suka guje wa sai a koma a gyara shi.

Bayan shekaru masu yawa wasu masana tattalin arziki biyu, Melissa Kearney da Phillip Levine, suka yi amfani da wata dama da tarihi ya bari. A lokacin da shirin ya fara, wasu yankunan Amurka suna kama tashar da kyau, wasu kuma ba sa samu sosai saboda irin zangon da ake watsa shi a kai. Da suka kwatanta, sai suka ga yaran yankunan da ke kama tashar sun fi zama a ajin da ya dace da shekarunsu, ba a bar su a baya ba, kuma amfanin ya fi fitowa a wurin yara maza da 'ya'yan yankunan marasa galihu. A 2013 kuma aka tattara bincike daga ƙasashe 15 da ke nuna nasu samfurin na shirin, wanda ya shafi yara fiye da 10,000, aka ga masu kallo sun yi gaba a haruffa da lissafi da sanin lafiya. Najeriya ma ta samu nata a 2011, mai suna Sesame Square, wanda tashar NTA ta nuna, da taurarinsa Kami da Zobi.

Misalin da ya fi kusa da halin da muke ciki ya fito ne daga Tanzaniya. A 2013 aka kafa Ubongo a Darussalam, masu yin katun na ilimi, kuma su ne suka fitar da Akili and Me, labarin wata yarinya mai suna Akili, domin yaran da ba su shiga firamare ba. Dina Borzekowski ta Jami'ar Maryland ta gwada shi a yankin Morogoro da yara sama da 500. Aka raba su biyu, wasu suna kallon Akili wasu suna kallon wani katun na nishaɗi kawai, na tsawon mako huɗu. Masu kallon Akili sun yi fice a ƙirga da gane lambobi da siffofi da zane da kalmomin Turanci. Wannan sakamako yana da nauyi. Inda makarantar rainon yara ta yi ƙaranci ko ta fi ƙarfin aljihun iyaye, rabin awa na shiri mai kyau ba ƙaramin abu ba ne.

To, me ke sa wani katun ya koyar wani kuma ya kasa? Shirin Blue's Clues da aka fara a 1996 ya ba da amsa mai kyau. Mai gabatarwa yana kallon yaro ido cikin ido, ya yi tambaya, sannan ya yi shiru na ɗan lokaci har yaron ya amsa da bakinsa. Labari ɗaya ake bi daga farko zuwa ƙarshe, a hankali, ba a yawan tsalle daga wuri zuwa wuri. Kuma da gangan tashar take maimaita kashi ɗaya kwana biyar a jere. Bincike ya nuna yaran ba su gaji ba, fahimtarsu ma ƙaruwa ta yi, kuma suka riƙa amsa tambayoyin da ƙarfi. Iyayen da ke ƙorafin cewa yaro ya nace wa katun ɗaya kullum, su san cewa wannan nacin shi ne hanyar koyonsa. A kallo na farko yana ƙoƙarin gane waye wane, a na uku ya san abin da zai biyo baya, a na biyar yana faɗa kafin a faɗa. Katun biyar masu kyau da ake maimaitawa sun fi ɗari da aka loda a memori wurin masu tura fina-finai ba tare da an duba ko ɗaya ba.

Wanda ya tashi yana sauraron tatsuniya zai gane wannan tsari nan take. Kaka ta ce "Ga ta nan ga ta nanku," ba za ta ci gaba ba sai yara sun ce "Ta zo mu ji ta." A tsakiya akwai waƙar da kowa ke amsawa, kuma labarin Gizo da Ƙoƙi da aka ji jiya shi za a roƙa a sake yau. Jiran amsa, da maimaici, da labari guda mai kai da gindi, su ne abubuwan da masu shirya katun na ilimi suka kashe kuɗi mai yawa kafin su gano. Abin da katun ba zai iya ba shi ne ya ji amsar. Kaka tana jin idan jikanta ya kuskure, ta gyara masa. Shirun da mai gabatarwa ke yi a allo kwaikwayo ne, ko yaro ya faɗi daidai ko ya faɗi shirme za a ce masa ya yi ƙoƙari.

Katun ɗin guje-guje da doke-doke irin su Tom and Jerry kusan babu magana a cikinsu, don haka babu kalmar da yaro zai ɗauka. Nishaɗi ne, a ɗauke shi a haka. Game da masu saurin gaske, Angeline Lillard ta yi gwaji a 2011 da yara 60 'yan shekara huɗu. Wasu suka kalli SpongeBob na minti tara, wasu suka kalli katun mai tafiya a hankali, wasu suka yi zane. Nan take aka gwada su a kan haƙuri da bin umarni da warware matsala, masu kallon na farko suka zo baya. Tasirin na ɗan lokaci aka auna, kuma binciken da ta yi daga baya ya nuna yawan abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba ne ya fi gajiyar da ƙwaƙwalwar yaro, ba saurin kaɗai ba. Duk da haka ya isa ya sa uwa ta guji kunna irinsa da safe kafin tafiya makaranta ko dab da lokacin barci.

Akwai kuma maganar tarbiyya, wadda ta fi damun yawancinmu. Mukan zaci idan katun ya ƙare da darasi mai kyau, yaro ya ɗauki darasin. Marie-Louise Mares ta Jami'ar Wisconsin ta gwada wannan a 2008 da wani kashi na katun ɗin Clifford. Labarin wani kare ne mai ƙafa uku da sauran suka fara jin tsoronsa, daga baya suka gane ba shi da wani aibu suka yi abota da shi. Manufar ita ce a koya wa yara mutunta masu buƙata ta musamman. Da aka tambayi yaran, akasarinsu suka ɗauka darasin ya tsaya ne kan kyautata wa kare mai ƙafa uku, ba su haɗa shi da ɗan Adam ba. Yaro ɗan shekara biyar bai iya ɗauko ma'ana daga labari ya ɗora ta a kan rayuwarsa da kansa. Sai an sami wanda zai ce masa, "Ka ga yadda suka guje shi da farko? Ka tuna yaron nan na layinmu mai tafiya da sanda? Yaya kake gani yake ji idan aka ƙi wasa da shi?" Wani bincike na 2016 a kan katun ɗin Daniel Tiger ya zo da irin wannan sakamako: yaran da suka nuna ƙarin tausayi da gane halin da wani ke ciki su ne waɗanda iyayensu suka saba yi musu magana a kan abin da suke kallo.

Yanzu mu koma kan yaron da ke ƙirga ɗaya zuwa goma da Turanci. Ka zuba masa dabino huɗu a tafin hannu ka ce nawa ne. Sau da yawa za ka ga ya taɓa ɗaya sau biyu, ko ya zarce har bakwai yana rerawa, ko ya kalle ka kawai. Waƙa ya haddace, bai riga ya san cewa kowace lamba tana tafiya da abu guda ba, kuma lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce adadin duka. Haddar ba banza ba ce, tsani ce, amma wani ne zai riƙe masa ita ya hau. Idan Akili ta ƙirga ƙwallo uku a allo, uwa ta ce, "Abba, ɗauko min cokali uku," a nan ne lissafin ya fito daga cikin waya ya shiga hannunsa. Wannan bai buƙatar uwa ta yi boko. Yaya ko ƙanwar uwa ko kaka duk za su iya.

Harshe kuwa shi ne babban giɓinmu. Yawancin katun ɗin da ke shigowa gidajen Hausawa da Turanci suke, a Nijar da Faransanci, ko da Larabci ga masu kama tashoshi irin su Spacetoon da MBC3 a tauraron ɗan Adam. Yaro zai tsinci sunayen launuka da gaisuwa da 'yan jimloli, kuma wannan riba ce. Amma idan bai jin harshen, zaren labarin da dalilin da ya sa wane ya yi fushi ko wance ta nemi gafara duk sun wuce shi, abin da ya rage masa shi ne motsi da ƙara. Binciken da ya nuna amfanin Sesame Street a ƙasashe daban-daban an yi shi ne a kan samfuran da aka shirya domin yaran ƙasar, da harshensu da suturarsu da abincinsu. Ubongo sun fassara shirye-shiryensu zuwa harsunan Afirka da dama har da Hausa, kuma Adamu Waziri ya ƙirƙiri Bino and Fino a Abuja domin yaran Najeriya su ga masu kama da su a allo. Amma idan aka kwatanta da yawan yaran da Hausa ce harshensu na farko, abin da ake da shi bai taka kara ya karya ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne gwanintar tana nan. Garin da ake juya fina-finan Indiya zuwa Hausa har bakin jarumi ya dace da maganar, bai rasa masu murya da masu fassara ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗa su da malaman rainon yara, da kuma wanda zai zuba jari a shirin da ba ya kawo kuɗi da wuri.

Ba na ɗora wa iyaye mata laifi idan suka miƙa wa yaro waya domin su samu su tuƙa tuwo ko su yi sallah cikin natsuwa. Wanda bai taɓa rainon yara uku ƙanana shi kaɗai ba bai kamata ya yi saurin yanke hukunci ba. Kuma zama kusa da yaro ba aikin uwa kaɗai ba ne, uba ma idan ya dawo zai iya tambaya, "Yau me Akili ta yi?" ya saurari amsar har ƙarshe. Abubuwa biyu ne dai nake ganin sun fi kowane haɗari, kuma duka ana iya magance su ba tare da kashe ko kwabo ba. Na farko shi ne barin YouTube yana zaɓa wa yaro abin da zai biyo baya. Manhajar an gina ta ne domin kallo ya ɗore, ba domin yaro ya koyi wani abu ba, kuma a 2017 an yi babban ce-ce-ku-ce bayan an gano bidiyoyi marasa kyau da aka lulluɓe da fuskokin taurarin katun, wasu har sun kutsa cikin YouTube Kids. Gara a sauke 'yan shirye-shiryen da aka tantance, a kashe data, sannan a miƙa wayar. Na biyu shi ne talabijin da ke kunne a falo tun safe har dare ko da babu mai kallo. Bincike ya nuna yana gajarta wasan yaro, yana kuma rage yawan maganar da manya ke yi masa, domin hankalin kowa rabi yana kan allo. Yaron da ke jera gwangwanaye a ƙasa yana kiran su motoci yana aikin da ƙwaƙwalwarsa ke buƙata, kuma duk lokacin da ƙarar talla ta sa ya ɗaga kai, sai ya sake ɗaura wasan daga farko.